Rijiyar Gidanmu Na Garki

Tsibirin Nukutala,
Tekun Fasifik.
11 ga Maris, 2007.

Zuwa ga Gwaggo Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta daina kumbura, kuma kina shan maganin hawan jininki a kan lokaci, ba sai kin ji kanki na sarawa ba. Ni lafiyata lau, sai gajiya da kewar gida.

Gwaggo, na iso. Kwana tara na yi a hanya. Jirgin sama huɗu, sannan jirgin ruwa na kwana biyu, wanda na yi ta amai a cikinsa har na yi da-na-sanin sa sunana cikin nas-nas ɗin da gwamnati ke turawa aikin taimako. Kin tuna da aka ce ƙasar waje za ni, Lucia maƙwabciyarmu ta ce in sayo mata rigar sanyi? Ki gaya mata nan ba sanyi, ba ma kantin da za a sayo rigar.

Ban san yadda zan kwatanta miki wurin nan ba. Ƙasa ce siririya kamar an yar da igiya a kan ruwa. In na tsaya a ƙofar asibiti, ga teku a damana, ga teku a haguna, tsakaninsu bai kai daga gidanmu zuwa bakin titi ba. Ba dutse, ba tudu, sai bishiyoyin kwakwa. Ruwan gefe ɗaya kore ne shar, a kwance, kina hango kifi a ƙasansa. Na ɗaya gefen shuɗi ne har ya yi duhu, yana ruri ba ya hutawa. Ranar farko tsayawa na yi ina ta subhanallah, har Elizabeth, ungozomar da muke aiki tare, ta zaci jiri ne ya ɗebe ni.

Amma fa akwai wahala! Ba esi, ba fanka. Solar da ke akwai firjin allurar rigakafi kaɗai take riƙewa, kuma an hana a sa ko kofin ruwa a ciki. Katifata ba ta fi kaurin tafin hannu ba. Kifi da kwakwa safe da rana da yamma, ba barkono. Ruwan sha na sama ne da ake tarawa a tanki, ɗumi kamar an sauke daga wuta. Waya babu, sai rediyon kira na oba-oba a ofishin shugaban tsibiri, ita ma iyakarta babban birninsu. Jirgin ruwa sai bayan sati shida ko bakwai yake zuwa, shi ke kawo wasiƙa, shi ke tafiya da ita.

Sai maganar gida. Don Allah kada a yi sanya. Kafin in cika shekara biyun nan in dawo, ina so a cike rijiyar tsakar gida, a haƙa bohol, a shimfiɗa intalok. Na san Baba ne ya haƙa ta, Allah ya ji ƙansa, amma na gaji da sauro da caɓi, da matan unguwa masu buga mana ƙofa da bokitai tun gari bai gama wayewa ba. Duk abin da aikin ke bukata na bar shi a hannunki. Bayan wannan wahalar, ina so in dawo gidan da zan murɗa famfo in ga ruwa.

Taki,
Nazeefa.

*

Garki, Abuja.
6 ga Mayu, 2007.

'Yata Nazeefa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, ƙafa da sauƙi, magani kuma ina sha in na tuna. Ki yi haƙuri da harafin “k” da ke tsalle sama, keken rubutun nan tun ina taifis a ma'aikata yake tare da ni, tare muka yi ritaya.

Na karanta wa Lucia labarin tsibirinku. Ta riƙe haɓa ta ce, “Mama, in ruwa ya yi fushi, ina Anti zai gudu?” Ni ma abin ya hana ni sukuni. Ki riƙa yawan addu'a, kuma kada ki shiga tekun nan ko da wasa.

Abuja tana nan ana ta gini kamar gobe za a tashi duniya. Ko'ina ka duba tifa ce da bulo. Filin da ake sayar da doya a bayanmu an kewaye shi, wai otal za a yi. Kowa da waya a kunne, har mai gyaran takalmi.

Maganar rijiya, na sa ta a fayil. Damina ta sauka, masu aiki sun ce ba a irin wannan aikin cikin ruwa, sai kaka. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma jikina bai ba ni ba. Ni da mahaifinki kakanmu ɗaya ne kawai, amma da aka taso ma'aikatarmu daga Legas ban san kowa a garin nan ba, shi ya ba ni ɗaki a gidan nan, ruwan rijiyar nan na fara sha a Abuja. Famfon unguwar nan kuwa kin san halinsa, sai ya yi sati biyu bai ce uffan ba. To amma gida naki ne, ni riƙo nake miki.

Na haɗo miki yaji da kuka da daddawa da kilishi kaɗan. Allah ya sa ma'aikatan kan iyaka su bar su su wuce.

Gwaggonki,
Indo.

*

Nukutala.
19 ga Satumba, 2007.

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Ina lafiya, na dai rame, siket ɗina sai da na ɗaure shi da igiya. Ki gafarce ni da dogon shiru. Injin jirgin ne ya lalace, sai da muka yi wata uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Yau ya iso, kuma ba zai kwana ba, ga shi can ana ta loda buhunan busasshiyar kwakwa, don haka a tsaye nake rubutun nan.

Saƙonki ya zo, ban da kilishin, shi kam sun riƙe. Da na kwance ƙullin yajin, ƙamshin ya bugi hancina, sai na ji hawaye. Ni da nake ture kwanon tuwo in ce sai dai a sayo mini shawarma! Na lakata da ɗan yatsa na ba Elizabeth ta ɗanɗana, ta yi ta tsalle tana fifita baki, tana tambaya wai laifin me muka yi ake ba mu wannan.

Gwaggo, muna cikin fari. Wata huɗu ke nan ko ɗigo bai sauka ba. Ki duba ikon Allah: ruwa gabas, ruwa yamma, iya ganinki, amma ba na sha. Tankuna sun ƙafe, in kin ƙwanƙwasa sai su amsa kamar ganga. An koma rabo, kowane gida bokiti biyu a yini. Ni ɗaya nake samu, da shi zan sha, in dafa, in yi buɗa baki. Alwala da ruwan teku nake yi, wanka ma haka, in ya bushe sai gishiri ya yi fari a jikina, kaina kuwa ba a magana. Rijiyoyinsu duk sun koma gishiri, ruwan ya yi wari, yaran da suka sha gudawa ce ke kawo mana su asibiti. Jiya na yi mafarkin fiya wata mai sanyi, irin wanda nake sha rabi in jefar da sauran ta tagar mota.

Rijiyar gidanmu ta tsaya mini a rai, Gwaggo. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Ina da magana a kanta, amma ga jirgi ya yi ƙaho na biyu.

Ki sa ni a addu'a.
Nazeefa.

*

Garki, Abuja.
20 ga Nuwamba, 2007.

Nazeefa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi salla lafiya. Labarin farin nan ya tayar mini da hankali, na sa an yi muku addu'ar roƙon ruwa a islamiyyarmu.

Na karanta abin da kika ce a kan rijiya har sau uku. Na gane. Kin ga yadda ruwan rijiya ke kwantar da yara a can, kin tuna kin bar mini aiki na yi ta jan ƙafa. Ba sai kin ƙarasa maganar ba. Shekara talatin na yi ina aiki a ƙarƙashin oga iri-iri, ba a taɓa tuna mini aiki sau uku ba, ba kuma zan fara a kanki ba.

An cike ta ranar Asabar ta makon jiya. Tifa uku ta ci, biyu ɓaraguzan gini, ɗaya jar ƙasa. Da aka juye ta farko, ƙarar da ta fito daga ciki ban taɓa jin irinta ba, sai na shige ɗaki na ja ƙofa. An daddaɓe bakin da siminti, an shimfiɗa intalok ruwan toka da ja. Tsakar gida ta yi fes kamar harabar banki. Ba caɓi, ba sauro, ba mai buga ƙofa.

Lucia ta zo da bokitinta washegari, don ba ta nan aka yi. Ta tsaya tana dube-dube, ta ce, “Mama, ina rijiya ya tafi?” Na ce mai gida ce ta ce a rufe. Ta ce, “To, ba komai, Allah ya dawo da Anti lafiya.” Ta juya. Yanzu su da sauran matan 'yan garuwa suke jira, in ba su zo ba su gangara rafin bayan kasuwa.

Masu bohol za su zo da motarsu daga Idu ranar Litinin. In sha Allahu za ki dawo ki murɗa famfonki.

Indo.

*

Nukutala.
14 ga Janairu, 2008.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lau, zuciyata ce ba lau ba. Tun shekaranjiya da wasiƙarki ta zo nake kuka. Kin rubuta “Indo” kawai a ƙasa, ba “Gwaggonki”, na san na ɓata miki. Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Cewa zan yi a bar ta. Laifina ne, ni na ce a cike, ni kuma na tsaya labarin yaji har jirgi ya tashi ban rubuta kalma biyun da suka fi komai ba.

Bari in gaya miki abin da ya faru kwana uku kafin waccan wasiƙar. An kawo mana wata mata da hantsi, haihuwa ta zo da gardama, jini na zuba. Na buɗe duron asibiti, abin da ke ciki bai cika buta ba. Ga kayan aiki na son a tafasa, ga hannu na son wanki. Na dubi Elizabeth na ce, “Da me za mu yi?” Sai ta fita ta ɗauki ƙarfe ta yi ta dukan tsohuwar tukunyar gas da suke ratayewa a madadin ƙararrawa, tana kiran wata kalma da yarensu.

Gwaggo, sai ga mutane. Wannan da kofi, wannan da ɓawon kwakwa, wannan da gwangwanin madara. Kowa daga cikin rabon gidansa na ranar ya ɗebo. Suka yi layi, kowa ya juye nasa a duro ya wuce, ba mai duban na wani. Akwai wani tsoho masunci, Thaddeus, leɓɓansa duk sun tsage. Ya zo da butar shayi, ya juye duka. Na ce masa ya rage na sha. Ya ce, “Ni na sha jiya.” Kafin ruwan farko ya tafasa duro ya kai rabi. Matar ta rayu, ta sami 'ya mace. Da na zo wanke hannu, na ga ruwan ƙauye guda ne ke bin yatsuna yana zuba.

A nan na tuna wata Asabar da na sa wa ƙofarmu kwaɗo don in yi barci. Ina jin Lucia tana ƙwanƙwasawa, ɗanta na kuka a bayanta, na ƙara wa esi ƙarfi don kada in ji. Ruwan da ban haƙa ba, ban saukar ba, yana kwance a tsakar gidanmu rani da damina. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

An yi ruwa ranar ashirin da tara ga Disamba, bayan wata bakwai. Da azahar ne. Muka hango shi can kan teku, baƙi ƙirin, a tsaye kamar katanga, yana tafiya yana nufo mu. Kana jin ƙararsa tun bai iso ba. Gari ya fashe da ihu. Aka fito da tukwane da kwanuka da bahon wankan jarirai, maza suka jawo kwale-kwale kan tudu don su tara a ciki. Tsofaffi suka zauna a ƙasa suna waƙar coci suna kuka. Ni kuwa na tsaya da hijabina a tsakiyar hanya, na ɗaga kai na buɗe baki kamar ƙaramar yarinya. Ashe ruwa yana da ɗanɗano, Gwaggo. Shekarata talatin da ɗaya ina sha ban sani ba.

Yanzu katifar nan da na raina barci nake a kanta har da munshari. Inuwar kwakwa ta ishe ni. Ban ce ba na son famfo ba, ina so, amma ba na jin zan sake iya barin sa yana zuba ina goge baki.

Aikin gama ya gama. Abin da nake roƙo, in bohol ya kawo ruwa, a fasa katanga a fitar da famfo ɗaya waje, kada a sa masa makulli. Ki ce wa Lucia ina neman gafararta. Ke ma ki yafe mini.

'Yarki,
Nazeefa.

*

Garki, Abuja.
2 ga Afrilu, 2008.

'Yata Nazeefa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata ƙalau, sai zafin Abuja da ya kai intaha. Ba abin da kika yi mini. Ni ce na karanta wasiƙar 'yata kamar takardar gargaɗi daga ofis. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Akwai abin da kunya ta hana ni rubuto miki. Bohol bai ba da ruwa ba. Kwana huɗu injin yana ihu a tsakar gida, ba abin da yake fitarwa sai farin garin dutse. Suka koma bayan kicin suka sake hudawa, nan ma haka. Injiniyan ya ce gidan a kan fa yake zaune, rijiyar ce kaɗai ta dace da tsagin da ruwa ke bi. Suka naɗe kayansu suka tafi. Tun Disamba ni ma a layin 'yan garuwa nake, ni da Lucia. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, ita ke ma ɗauko mini jarka.

Da wasiƙarki ta zo na karanta mata, har wurin neman gafara. Ta share ido da bakin zane ta ce ita ta ma manta da ranar. Sai ta ce, “Mama, mutumin da ya tona wannan rijiya bai mutu ba fa. Yana Kuchigoro.”

Muka ɗauki tasi muka je. Sunansa Yamusa, ya haura saba'in, ido ɗaya ya tafi. Da na ambaci mahaifinki sai ya ce, “Direban nan mai dariya? Gaba takwas da rabi muka yi, shi ke jan guga in ya taso daga aiki.” Na gaya masa abin da na aikata. Sai ya ce, “Hajiya, ƙasa kuka zuba mata, ba kashe ta kuka yi ba. Ruwan yana nan inda yake.”

Ya zo da mutum uku. Aka ɗaga intalok, aka fasa simintin. Shi yana zaune a baki a kan turmi yana ba da umarni, su suna ciki. Abin da tifa ta juye cikin minti biyar, sai da aka yi kwana goma sha tara ana fitar da shi bokiti-bokiti. Matan unguwa ba wanda ya kira su, suka zo da kwanukan kai suna kwashe ɓaraguzan zuwa waje. Ni ke dafa musu shinkafa da wake.

Ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ciki ya yi kira. Yamusa ya miƙe ya ce a ɗaura masa igiya. Muka hana, ya ce shi ya fara ganin ruwanta, shi zai sake gani. Aka zura shi a hankali. Ya daɗe a ciki har na tsorata. Can sai muka ji muryarsa daga ƙasa, “Hajiya, kawo madubi!” Na ɗauko na ɗakinki, Lucia ta tare rana da shi ta haska ciki, na kwanta rub da ciki a bakin rijiya, da tsufana da ciwon ƙafata, na leƙa.

Na ga ruwan, Nazeefa. Daga jikin dutse yake tsattsafowa, siriri kamar zare, yana ƙyalli, yana taruwa a sawun ƙafar tsohon. A ƙarshen rani, ƙasa ta bushe ƙamas, motoci na wucewa a titi ba su san me ake ciki ba. Shekara goma sha shida na yi ina jefa guga a ramin nan, ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Na kasa cewa komai sai Allahu akbar. Matan suka ɗauki guɗa, Lucia na rawa da madubinki a hannu.

Yau ruwan ya kai ƙirjin mutum, ya fara kwantawa. Yamusa ya ce a ba shi sati guda kafin a sha. Zan sa a yi mata murfi saboda sauro. Tsakar gida kam ta koma kamar gonar da aka haƙe dankali, intalok ɗinki na jibge a gindin katanga, sai kin dawo kin ga yadda za ki yi da shi.

Ki gaishe mini da Elizabeth da tsohon nan mai butar shayi. Jan tabon da za ki gani a ƙasan takardar nan ba miya ba ce. Lakar farko ce da aka fito da ita daga gindin rijiyar, na dangwala da babban yatsana tun tana da danshi.

Gwaggonki,
Indo.